Mai Sa wa Gari Tsatsa

A tsohuwar masaƙar Lodz, hawa na uku,
inda injuna suka cinye kunnuwan mahaifina,
nan muke gina gari, ba bulo, ba siminti.
Mu arba'in ne.
Wani yana ƙera hasken fitilu,
wata tana koya wa ruwan sama yadda ake sauka.
Ni aikina dauɗa.

Ranar da Wieslaw ya ɗauke ni ya ce,
"Bogna, wasan na manya ne, mun zuba komai:
mashaya, gidan caca,
masu bin bashi da ke karya yatsu.
Duk ƙofar da ka tura za ta buɗe.
Amma masu gwaji sun ce garin nan
ba wanda ya taɓa yin tari a cikinsa."

Sai na duƙufa.
Na sa tsatsa a wuyan bututu,
shatin kofi a teburin ɗan sanda,
na lotsa matakala ta huɗu fiye da sauran
don nan kowa ke juyawa da kayan cefane.
Na cire hoto daga bango
na bar gurbin fentin da rana ba ta lasa ba.
Na saki kare mai ɗingishi,
ba ya aike, ba ya ba da lada,
inuwa kawai yake bi.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Tawa ta yi,
amma sai da na sa musu tsutsa
kafin kowa ya yarda ya gatsa.

Bayan shagon mai gyaran takalmi
akwai lungun da ba ya kai ka ko'ina.
Can na ajiye benci mai gajeriyar ƙafa,
na tokare shi da jarida ninki huɗu.
A taga, rediyo tsakanin tasha biyu,
rabi magana, rabi shuu.
Haka namu ya shekara tara.
Baba bai sani ba;
tafinsa yake ɗorawa a kai, ya ji rawar jikinsa.

Wasa ya fita da hunturu.
Aka kawo taswirar sawun jama'a:
banki ja wur, tashar jirgin ruwa ja wur,
an sace motoci sun fi na ƙasar nan yawa,
an ƙona gadata sau dubu kafin Lahadi.
Ban ji haushi ba. Don haka aka gina ta.

Amma a lunguna akwai ɗigo ɗaya.
Kullum biyun dare,
wani, lamba ce gare shi a wurinmu, ba suna,
yakan zo da bindigogi a kafaɗa,
ya zauna.
Minti goma sha ɗaya, wani dare sha huɗu.
Wieslaw ya ce, "Maƙalewa yake yi? A duba."
Aka duba. Lafiyarsa ƙalau.
Ya ce, "To a ɓoye masa akwatin kuɗi a wurin."
Na ce in aka sa, na bar aiki.
Ya kalle ni, ya tafi shan taba.

Daren jiya taragon ƙarshe ya wuce ni.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin titi.
Na koma sama, na kunna allo,
na ratsa kasuwar kifi, na wuce masu faɗa,
na isa benci biyu saura kwata.
Na san ba zan gan shi ba,
kowa da nasa garin, ko da bango ɗaya ne.
Duk da haka na matsa gefe, na bar masa wuri.

Rediyo na ta shuu.
Kare ya zo, ya shinshina, ya wuce.
Benci ya ɗan karkata,
sai na sunkuya in gyara jaridar.

Hannuna ya bugi ƙafar tebur.
Kofin shayi ya tuntsure a kan siminti,
daidai ramukan ƙusoshi huɗu
inda injin wani ya taɓa tsayawa.